Saniyar da ta roƙi a yanka ta: shin yardar dabba tana halatta namanta?

Duk wanda ya saba bin titunan garin Bauchi da dare, daga wajen Wunti zuwa Yelwa, ba zai rasa cin karo da irin allon tallan nan na masu gasa kaji ba, wanda ake zana kaza a jikinsa ta ɗora farar hular kuku a ka, tana murmushi, ta miƙa fiffike tana nuna tiren da 'yar'uwarta take kwance a gashe. Ba wanda yake tsayawa ya tambayi mai zanen dalilin murnar kazar, alhali kowa ya san cewa kazar da ke cikin keji a bayan shagon ba haka fuskarta take ba lokacin da yaron shago ya zura hannu zai kamo ta. Mai zanen ya san abin da zuciyar mai saye take so, wato ta ci nama ba tare da ta tuna cewa mai naman bai so rabuwa da shi ba.

A shekarar 1980 marubucin barkwancin nan ɗan ƙasar Ingila, Douglas Adams, ya ɗauki wannan buri ya kai shi maƙura a cikin wani ƙagaggen labarinsa. A labarin, an kawo wa masu cin abinci wata dabba mai kama da saniya, wadda aka ƙirƙiro irinta musamman domin ta riƙa son a ci ta, aka kuma ba ta baki domin ta faɗi haka da kanta. Ta zo gaban teburi tana tallata kafaɗarta da cinyarta, tana bayyana yadda ta daɗe tana turka kanta. Ɗaya daga cikin baƙin ya ji ƙyama ya ce ganye zai ci, sai abokinsa ya nuna masa cewa ai wannan ta fi dabbar da ba ta so a ci ta, wadda ya saba ci kullum ba tare da ya ji komai ba. Raha marubucin yake yi, amma tun daga lokacin masu nazarin falsafa suka riƙe tambayar da gaske, domin amsar abokin nan tana da wuyar turewa. Idan ƙyamar da mutum ya ji a gaban saniyar da ta yarda daidai ce, me ya hana shi jin wadda ta fi ta a gaban ragon da ake ja da igiya yana turjewa?

Kafin a shiga gardamar, akwai kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa, wato rai da ji da hankali. Bishiyar kuka tana da rai, amma babu wata alama da ke nuna tana jin zafin gatari. Akuya tana da rai kuma tana ji, ma'ana zafi da tsoro da yunwa da daɗi suna isa gare ta, kuma ta fi son wani a kan wani. Hankali kuwa wani mataki ne daban, shi ne iya auna gobe, da sanin mece ce mutuwa, da ɗaukar alkawari. Tun a 1789 masanin shari'a Jeremy Bentham ya ce abin tambaya game da dabbobi ba shi ne ko suna iya tunani ko magana ba, abin tambaya shi ne ko suna iya shan wahala. A 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa suka taru a Kambirij ta Ingila suka sa hannu kan sanarwar cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwar da ke haifar da sanin abin da ke faruwa da su, kuma a 2022 Birtaniya ta yi dokar da ta amince da cewa dabbobi suna ji, har ta sa ƙaguwa da jatan lande a ciki. Makiyayin da ya taɓa kwana kusa da saniyar da aka sayar da ɗan maraƙinta ba ya bukatar sanarwar kowa. Almajiri ma ya karanta a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu, ya kuma ji hadisin raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Manzon Allah (SAW), har aka ja kunnen mai shi kan barin sa da yunwa da jibga masa aiki. Saboda haka batun ji ba shi ne wurin saɓani ba. Wurin saɓanin shi ne yarda.

Yarda kuwa ba da ji ake yin ta ba, da hankali ake yin ta. Shi ya sa fiƙihu bai ɗauki cinikin yaron da bai yi wayo ba, ko na mahaukaci, a matsayin ciniki, ko da kuwa sun miƙa kayan suna dariya. A nan ne saniyar labarin take shiga tsaka mai wuya. Idan son da take yi wa yanka wata ɗabi'a ce kawai da aka dasa mata, irin wadda ke sa fara ta faɗa cikin fitila, to ba ta yarda da komai ba, domin ba ta san abin da za ta rasa ba. Idan kuwa ta san mutuwa, ta san akwai gobe, ta auna ta zaɓa, har ta iya tsara magana ta faɗa, to ta bar sahun bisashe ta shiga sahun masu hankali, kuma masu hankali ba a cin namansu ko sun yarda. Ko ta ina aka biyo, yardar ba ta yin aikin da ake so ta yi.

Wannan magana ta biyu ba hasashe ba ce, an gwada ta a kotu. A watan Maris na 2001, a garin Rotenburg na ƙasar Jamus, wani mutum mai suna Armin Meiwes ya kashe wani baligi da ya amsa tallar da ya sa a intanet, ya kuma ci namansa, kuma an samu shaidar cewa mamacin ya zo da ƙafarsa ya amince. A 2004 kotun farko ta yi masa sassauci ta yanke masa shekara takwas da rabi, amma aka sake shari'ar, a 2006 aka same shi da laifin kisan kai da gangan aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Malamanmu na Malikiyya sun riga su kaiwa nan da ƙarnoni, domin a cikin Mukhtasar na Shehu Khalil an ce ƙisasi yana nan a kan mai kisa ko da wanda aka kashe ya ce masa idan ka kashe ni na yafe maka. Dalilin a fili yake: mutum ba ya kyautar da abin da ba nasa ba, rai kuwa amana ce a hannunsa, kuma Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta hana shi kashe kansa, balle ya wakilta wani.

To amma a ce mun rufe ido ga wannan, mun ɗauka akwai wata halitta tsaka-tsaki wadda ta isa ta yarda amma ba ta kai darajar ɗan Adam ba. A nan ne nake ganin ainihin matsalar take, kuma tambaya ɗaya ce tak: wa ya dasa mata wannan so, kuma don amfanin wa? A ɗauki misalin mutumin da aka damƙa wa riƙon maraya mai gadon gona a bakin kogin Gongola. Tun yaron yana tatata ya riƙa cusa masa cewa babu abin da ya kai kyautar da gona ga mariƙi daɗi, ya raba shi da duk wanda zai gaya masa wata magana daban, har ya balaga. Ranar da ya balaga ya je gaban shaidu da fara'arsa ya ce ya ba Baffa gonar kyauta. Shaidu sun cika, lafazi ya inganta, ba a doke shi ba, ba a tsorata shi ba, amma babu dattijon da zai ji labarin bai kira shi cin amana ba, kuma murnar yaron ƙara munin abin take yi, domin an ƙwace gonar an kuma ƙwace zuciyar da za ta yi ƙorafi. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya daɗe yana jan hankali kan irin wannan, cewa wanda ya tashi cikin ƙunci yakan rage burinsa daidai da ƙuncin, har ya ce ya gamsu, kuma kuskure ne a ɗauki gamsuwarsa hujjar cewa ba a zalunce shi ba.

Mai gardama zai ce ai duk wani so dasa shi aka yi. Son tuwon masara da miyar kuka da ɗan Bauchi yake yi ba shi ya zaɓar wa kansa ba, a gida ya tarar, haka harshensa da kunyarsa. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a yi masa gaggawar amsa ba. Sai dai uwar da ta koya wa ɗanta son tuwo ta yi ne domin ya rayu, ya yi ƙarfi, wata rana ma ya iya cewa shi shinkafa ya fi so. Tarbiyya tana barin ƙofar fita a buɗe, kuma amfaninta yana komawa ga wanda aka yi wa. Son da aka dasa wa saniyar nan ba ya barin ƙofa, domin cikarsa ita ce ƙarshenta, kuma duk ribar tana tafiya ne aljihun wanda ya dasa. Dillalin da shi ne mai saye, shi ne mai faɗin farashi, shi ne kuma mai cewa mai kaya ya sallama, ko a Mararrabar Liman Katagum ranar da kasuwar dabbobi ta fi cika ba za a kira abin da ya yi ciniki ba.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma ta girmi labarin Adams. A 1896 marubuci Leslie Stephen ya ce babu wanda ya fi alade amfana da kasuwar naman alade, domin da ba a cin sa da ba a kiwata shi ba, da bai zo duniya ba sam. Henry Salt, wanda ya shahara wajen kare haƙƙin dabbobi, ya mayar masa da martani a 1914 cewa wanda bai wanzu ba ba shi da wata bukata da za a ce an biya masa ta hanyar kawo shi duniya. Ni dai ban ga Salt ya rushe hujjar gaba ɗaya ba. Wanda ya ga garken fararen shanu a dajin Alkaleri bayan ruwan farko, maruƙa suna tsalle, makiyayi yana kiran kowace saniya da sunan da ya raɗa mata bisa launinta tana ɗago kai, zai yi wuya ya ce rashin wanzuwarsu ya fi. Amma hujjar tana tsayawa ne kawai idan rayuwar da aka ba dabbar mai kyau ce, kuma ba ta bukatar a dasa mata son mutuwa. Hasali ma tana nuna akasin haka, domin abin da ya sa rayuwar saniyar Bafulatani ta zama abin a yaba shi ne saniyar tana son ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi diddigin maganar shi ne yadda al'ummomi da yawa suka nemi wannan yarda ta ƙarya tun kafin a san kimiyyar ƙwayoyin gado. Masana tarihin Girka ta dā sun kawo cewa akan yayyafa wa dabbar hadaya ruwa a ka, idan ta gyaɗa kai sai a ce ta amince. Mafarautan ƙabilar Kiri ta arewacin Kanada suna cewa dabba ce take ba da kanta ga maharbin da ya girmama ta. Bahaushe, iyakar abin da karin maganarsa ya nuna, bai yaudari kansa haka ba. Cewa ya yi sabo da kaza ba ya hana yankanta, ya kuma ce ana so ana kaiwa kasuwa. Ya yarda akwai sabo, ya yarda akwai so, ya yarda akwai wuƙa, bai ce kazar ta sa hannu ba.

Na ga wannan da idona a wata babbar salla. Mun turke rago a gida kusan wata huɗu, ana ba shi dusa da harawa da ɗan kanwa, kuma ɗan ƙanwata mai shekara bakwai shi ya ɗauki nauyin ba shi ruwa, har ragon ya san takunsa, da ya shigo zaure zai fara kuka. Ranar layya bayan an sauko daga idi, dattijon mahaucin da ya saba yi mana fiɗa ya zo, ya wasa wuƙarsa tun a waje, ya shigo da ita a ɓoye bayan cinyarsa, ya sa aka janye ɗaya ragon zuwa bayan ɗaki. Yaron ya tsaya riƙe da bokitin ruwan da ya kawo, ya ce, "Kawu, shi ragon ya yarda?" Ban sami abin cewa ba. Mahaucin ne ya amsa yana ɗaure ƙafafun, bai ko ɗago ba: "Ɗan nan, da ya yarda ai da ba mu nemi igiya ba. Allah ne ya yarda mana, shi ya sa za ka ji an ambaci sunansa." Ragon ya yi ta shure-shure har jini ya tsaya, yaron kuma bai ci naman ba sai a rana ta uku, da aka soya aka zuba yaji.

Amsar dattijon nan ita ce matsayin shari'a a dunƙule. Halaccin nama a Musulunci bai taɓa dogara da amincewar dabba ba, ya dogara ne da izinin wanda ya halicce ta, kamar yadda Suratun Nahli, aya ta 5, da Suratu Yasin, aya ta 71 da 72, suka nuna, kuma ambaton sunan Allah a kan wuƙa iƙirari ne cewa ran da za a ɗauka ba mallakar mai yanka ba ne. Gaskiya ne Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) raƙuman hadaya biyar ko shida, suka riƙa matsowa kusa da shi kowanne yana son a fara da shi, amma malamai sun lissafa wannan cikin alamomin annabci, babu wanda ya mayar da shi sharaɗin yanka. Ƙissar da layya ta samo asali daga gare ta ma tana da abin lura. A Suratus Saffat, aya ta 102, Annabi Isma'ila (AS) ya ce wa mahaifinsa ya aikata abin da aka umurce shi, kuma ba a taɓa samun yarda mai tsarki irin wannan ba, daga mai cikakken hankali wanda ya san abin da ke gabansa. Duk da haka ba yardarsa ce ta sa Annabi Ibrahim (AS) ya ɗauki wuƙa ba, umurni ne, kuma a ƙarshe wanda ya yarda ɗin shi aka fansa.

Da yake izini ne ba mallaka ba, sai ya zo da sharuɗɗa. Duk wanda ya haddace Arba'una Hadis ya san na goma sha bakwai, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a yi yanka a kyautata, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. A wani hadisin an tsawata wa mutumin da ya kayar da akuya sannan ya tsaya wasa wuƙa tana kallo, aka tambaye shi ko so yake ya kashe ta sau da yawa. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita, har da cewa kada a yanka ɗanta tana gani. Duk waɗannan hukunce-hukunce an gina su ne a kan abu ɗaya, wato dabbar ba ta so, tana tsoro, kuma tsoron nata yana da nauyi a ma'auni. Idan aka cire mata rashin son, me zai hana a wasa wuƙar a gabanta? Turjewar rago ita ce take tuna wa mai yanka girman abin da yake yi, kuma saniyar da ke tallata kanta an ƙera ta ne domin a kashe wannan tunatarwa. Shi ya sa nake ganin ƙyamar da baƙon labarin ya ji ba wauta ba ce, ko da yake abokinsa ma ya yi gaskiya da ya tuna masa da dabbobin da ya saba ci ba tare da ya yi tunani ba.

Wani zai ce duk wannan tatsuniya ce, tunda babu saniya mai magana. Amma mun riga mun fara ƙera dabbobin da aka karkatar da sha'awarsu zuwa ga tukunyarmu, kuma suna nan a bayan gidaje da yawa a Bauchi, a ɗakunan da aka shimfiɗa wa dusar katako aka rataya musu fitila. Kajin nan na gidan gona da ake kira buloila an yi shekaru ana zaɓen iyayensu bisa saurin girma da yawan ci. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin 1957 da irin 2005 a kan abinci ɗaya, kuma a sakamakon da suka buga a 2014, bayan kwana 56 tsohon irin ya kai giram 905, sabon kuwa giram 4,202. Duk mai kiwonsu ya san yadda suke a mako na shida: ƙirji ya yi nauyi, kaza ta taka biyu ta zauna, wata ta jawo jiki da fiffike zuwa mazubin abinci ta ci a kwance, wata kuma a wayi gari ta kife da baya ta mutu saboda zuciyarta ba ta iya ɗaukar jikin ba. Iyayen da ake ajiyewa domin ƙwai dole ake rage musu abinci, domin idan aka bar su da son ransu za su ci har su kasa haihuwa ko su mutu, saboda haka suna rayuwa ne cikin yunwar da ba ta ƙarewa. Kazar ba ta ce a ci ta ba, amma an dasa mata son abin da zai kai ta ga wuƙa da wuri, kuma mai ita yana iya nuna ta yana cewa ga ta nan tana ci da kanta, ba wanda ya yi mata ɗura. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna ana yanka dabbobin tudu sama da biliyan 80 a shekara, kuma fiye da biliyan 70 daga ciki kaji ne.

An taɓa tambayar waɗannan kaji abin da suke so, ta hanya ɗaya da za su iya amsawa. A wani gwaji da masana a Jami'ar Biristol ta Ingila suka buga a shekarar 2000, an ajiye musu abinci iri biyu, ɗaya an sa masa maganin rage zafi, ɗaya babu. Kajin da ƙafafunsu suka lalace sun fi lafiyayyun cin mai maganin, kuma tafiyarsu ta gyaru bayan sun ci.

Daga irin wannan sakamako ne wani mai nazarin falsafa a Amurka, Adam Shriver, ya kawo shawara a 2009 cewa tunda ba za a daina kiwon cunkoso ba, a sauya ƙwayoyin gadon dabbobin yadda za su riƙa sanin an ji musu ciwo amma abin ba zai dame su ba, kuma ya dogara da gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye. Niyyarsa tausayi ce, ban musa ba, kuma idan zaɓi biyu ne kawai, kaza mai shan azaba da kazar da ba ta sha, ba zan ce a zaɓi azaba ba. Sai dai damuwa da ciwo ita ce mai gadin jiki. Mun san yadda cutar kuturta take cin yatsu: jijiyoyin ji ne suke mutuwa, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, miki ya ci gaba har gaɓar ta lalace. Sannan shawarar ta juya maganar a bai-bai, maimakon a faɗaɗa akurki sai a rage kaza. Suratun Nisa'i, aya ta 119, ta ambaci tsaga kunnuwan dabbobi da sauya halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alkawarin umurtar mutane da su, kuma ko da yake malamai ba su ɗauki ayar a matsayin hani ga kowane irin gyaran iri ba, tunda kowa yana zaɓen bijimin da zai bar wa garke, da wuya a ce cire wa halitta abin da take kare kanta da shi domin a ji daɗin matse ta bai kusanci abin da ayar ta zarga ba.

Abin da za a iya ba dabba ba tare da an yi mata ƙaryar yarda ba shi ne natsuwa, kuma wannan sananne ne ga masu sana'ar. Temple Grandin, masaniyar halayyar dabbobi a Amurka, ta shahara da tsara lanƙwasassun hanyoyin shiga mayanka masu rufaffen gefe, domin shanu su bi juna ba tare da sun hango abin da zai firgita su ba. Mahautanmu ma sun san saniyar da aka sauke daga tirela a galabaice, ko aka yi ta kora da duka kafin a kayar da ita, namanta yakan yi duhu ya bushe ya kuma yi saurin lalacewa. Dalilin shi ne wahala tana ƙone sukarin da ke ajiye cikin tsoka, wanda shi ne yake rikiɗa bayan yanka ya zama ɗan tsamin da ke ba nama launinsa da jimirinsa. Wanda ya ga yadda ake jibga shanu a tirela daga kasuwannin Arewa maso Gabas zuwa Legas, ƙaho cikin ƙaho, a yi kwanaki a hanya, ya san akwai aiki a gabanmu tun kafin a kai ga saniya mai magana.

Saura hanya ɗaya da ake ganin za ta kauce wa tambayar baki ɗaya, wato a shuka nama ba tare da dabba ba. A watan Agusta na 2013 Mark Post na Jami'ar Mastirik ta ƙasar Holan ya gabatar a Landan da curin naman farko da aka tsirar daga ƙwayoyin tsokar saniya a ɗakin bincike, wanda ya ci sama da dala 300,000. Singafo ta fara ba da izinin sayar da irin wannan nama a 2020, Amurka ta bi baya a 2023, a shekarar da Italiya ta haramta shi. Tsokar da ke girma cikin tukunyar ƙarfe ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta so ba ta ƙi, saboda haka maganar yarda ba ta taso ba. Amma ga Musulmi wata maganar ta taso, domin Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye mushe ne. A kan haka ƙungiyar Nahdatul Ulama ta Indunusiya ta ce a 2021 naman da aka tsirar daga ƙwayoyin da aka ɗebo daga dabba mai rai haramun ne, kuma a 2023 wasu malaman Saudiyya uku da wani kamfanin Amurka ya nemi fatawarsu suka ce yana iya halatta da sharuɗɗa, daga ciki har da cewa ƙwayoyin farko su fito daga dabbar da aka yanka bisa shari'a. Idan aka bi wannan fatawa, ko da masana'anta za ta cika manyan motoci da naman da bai taɓa numfashi ba, sai an fara samun kaza ɗaya ko saniya ɗaya da aka kayar, aka fuskantar da ita alƙibla, aka ambaci sunan Allah a kanta, ita ma ba tare da an tambaye ta ba.